Kuloci da filawil na gudu a kan Civic 1998: wanne ya dace da tuƙin cikin Bauchi?

Ɗan Yalwa

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masu sani nake nema. Motar Honda Civic ce ta 1998, ƙofa biyu, giyar hannu, injin D16Y8 mai VTEC. Ba a taɓa cikin injin ba, salansa da bututun iska kawai aka canza. Kuloci ya fara silif: in an take wuta a giya ta huɗu a hawa, allura sai ta tashi, motar kuwa tana nan yadda take. Tunda dole a sauke giya, na ga gara a sa na gudu gaba ɗaya.

An nuna min saiti biyu. Ɗaya an rubuta siteji 1, filet ɗinsa, wato faifan da ke gogayya ya kama juyin inji, zagaye ne cikakke. Ɗayan siteji 3 ne, mai kunnuwa shida na siramik. Akwai kuma filawil, wato faifan bayan inji da kuloci ke kamawa, na alminiyam, kilo 3 da rabi. Motar ta zirga-zirgar kullum ce, Yalwa zuwa Wunti, gosulon Muda Lawal, esi a kunne, wani lokacin a leƙa Jos ko Gombe. Wanne zan ɗauka? Kuma wani ya ce maimakon sayen filawil, a kai na asalin wajen tana, masu injin sassaƙar ƙarfe, a rage masa nauyi. Yaya kuka gani?

Oga Bakanike

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka fitar da kuɗi a tabbatar filet ɗin ne ya cinye, don silif iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba.

Fara da feda. Danna ta da hannu, ya kamata ta yi wasa kamar milimita 12 zuwa 21 kafin ka ji ta ɗauki nauyi. In babu wasan nan, to an ja sandar kulocin sama, wato famfon man da feda ke turawa, ta yi tsawo, ta toshe ɗan ramin da mai ke komawa cikin kofi. Mai in ya yi zafi sai ya kumbura, ya rasa hanyar komawa, ya riƙa danne boris ɗin da ke sakin kuloci kamar ƙafarka na kan feda. Alamarsa, da safe lafiya lau, da rana ta take sai silif. Wannan da sifana biyu ake gyara shi, ba a sauke komai.

Na biyu, leƙa ƙasan mahaɗar inji da giya. In akwai jiƙar mai, sansana. Baƙin mai ne, to sil ɗin bayan kiranshaf ya tafi. Man giya ne, sil ɗin sandar giya ne. Filet ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa da fetur, kuma sabon da za ka sa shi ma zai sha in ba a canza sil ba.

In duka biyun lafiya, to cinyewa ce. Idan aka sauke za ka ga kawunan ribit sun kusa fitowa fili. Iyakar da Honda ta sa milimita 0.2 ce tsakanin fuskar filet da kan ribit.

Yanzu maganar zaɓi. Kuloci ba ya ƙara wa mota ko doki ɗaya. Aikinsa ya riƙe abin da inji ya bayar, shi ke nan. Kuma abin da yake riƙewa ƙarfin murɗa ne, ba ƙarfin doki ba. Injinka daga kamfani doki 127 ne, murɗa kuma wajen Nm 145 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa). Salansa da bututun iska ƙara suka fi ƙarawa, murɗar ba ta yi wani motsin kirki ba. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a ɗora kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a kan murɗar inji a nemi kulocin da ke riƙe wannan. Lissafinka bai kai Nm 190 ba. Saiti mai kyau irin na kamfani ma ya isa, siteji 1 kuwa har da rara.

Kalmar siteji ɗin nan kada ta ruɗe ka, ba awo ba ce. Kowane kamfani da yadda yake jera nasa, siteji 2 na wannan shi ne siteji 3 na wancan. Abin da za ka nema a kwali ko a takardar ciki: Nm nawa yake riƙewa, da me aka yi fuskar filet, cibiyarsa mai sifirin ce ko sandararriya, kuma firesha, wato murfin da ke matse filet, ta fi ta asali nauyi da kashi nawa. Kwalin da ba shi da waɗannan sai jan fenti da babban rubutu, ajiye shi.

Mai kunnuwa shidan nan don injin da aka ɗora wa tabo (turbo) aka yi shi, ko motar fili. Siramik ba ya son a sake shi a hankali, ko ya kama ko ya saki. A gosulon Muda Lawal, ga ɗan acaɓa a hagu, ga Keke Napep ya tsaya maka a hanci, kana buƙatar rabin kuloci sau hamsin kafin ka fita. Da siramik motar za ta riƙa karkarwa tana zabura, injin sit su tsage, fuskar filawil ta ci kamar an bi ta da dutsen wasa wuƙa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ɗauki zagayayyen filet na oganik mai sifirin a cibiya.

Injiniya

Maganar Oga daidai take. Zan ƙara lissafi kaɗan don Ɗan Yalwa ya ga daga ina riƙon yake zuwa, sannan na yi maganar filawil, don a nan ne kuɗinsa zai yi aiki ko ya lalace.

Riƙon kuloci abu huɗu ne ake ninkawa: kaushin fuskar filet, ƙarfin matsewar firesha, nisan tsakiyar fuskar daga cibiya, da yawan fuskokin da ke gogayya. Filet ɗin motarka milimita 212 ne, haƙoran cibiya 20, fuska biyu. Nisan tsakiyar fuskar wajen santimita 9. A ce kaushin 0.3 ne, matsewa kuma Niyuton 4,000, sai ka samu Nm 216. Faɗi da fuskoki ba sa canzawa, saura hanya biyu: ko a ƙara kaushi, ko a ƙara matsewa. Kowace da farashinta. Kaushi yana kashe laushin tashi, yana cin filawil. Matsewa tana taurara feda, tana gajiyar da kulocin sama da na ƙasa, sannan akwai ɓarnar da ba a gani: duk danna feda, kiranshaf ake turawa gaba, wasu siraran woshoshi biyu masu siffar jinjirin wata ne ke tare shi. Firesha mai nauyin gaske tana cinye su, musamman wajen tayar da mota da feda a danne lokacin da mai bai hau ba tukuna, kuma motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, 'yan Amurka, ba sa tashi sai an danne. Tunda giya za ta sauka, a auna wasan kiranshaf gaba da baya. Daga milimita 0.10 zuwa 0.35 lafiya ne, in ya wuce 0.45 a gyara wannan kafin a ɗora kowace firesha, balle mai nauyi.

Akwai Kevlar a tsakanin oganik da siramik. Yana daɗewa, tashinsa da laushi, amma yana son fuskar filawil mai santsi sosai da doguwar lallaɓawa da farko, kuma in ya ƙone sau ɗaya ya yi ƙyalli, ba ya dawowa. A motar da wani lokacin ƙani ko aboki zai karɓa ya zaga, ban ga ribarsa ba.

Filawil. Na asalin kusan kilo 8 ne. Shi ma rage shi ba ya ƙara doki, sai dai ƙarfin da inji ke kashewa wajen juya ƙarfen nan ya koma taya. Ribar ta danganta da giya, don ana ninka rabon giya da kansa a lissafin. Giyar da ke zuwa da wannan injin a 'yan Amurka, ta ɗaya 3.250 ce, ta biyu 1.909, ta uku 1.250, ta biyar 0.702, ƙarshen juyi 4.250. Idan aka cire kilo 3 daga wajen santimita 10 da cibiya, da tayar 14 ta asali, a giya ta ɗaya kamar ka sauke fasinja ɗaya ne mai kilo sittin da 'yan kai. A ta biyu, wajen rabin buhun shinkafa. A ta uku kilo 10. A ta biyar kilo 3, wato babu. Don haka a miƙaƙƙen titin Alkaleri ba za ka ji komai ba. Inda za ka ji shi: tashi daga shataletale, saurin hawa da saukar allura, da daɗin daidaita juyi in za ka sauko giya.

Ka lura da abu ɗaya a lissafin: inda aka cire nauyin ya fi yawan kilon muhimmanci. Kilo ɗaya daga baki ya fi kilo biyu daga kusa da cibiya. Filawil biyu na iya yin nauyi ɗaya a sikeli su bambanta a mota.

Abin da ake asara shi ne ajiyar juyi. Inji mai silinda huɗu sau biyu yake bugawa a kowane zagaye, filawil ne ke cike giɓin da ke tsakani. Da kilo 3 da rabi, silo zai riƙa rawa, kwamfiresan esi in ya kama allura ta nutse, ka zo tsayawa a danja ka danna feda inji ya faɗi ƙasa da silo ya mutu. Tashi a hawa da mutum huɗu a ciki sai ka ƙara wuta ka daɗe a rabin kuloci, wato ka riƙa ƙona sabon filet ɗin da ka saya. Giya ma za ta riƙa ƙaras-ƙaras a silo in feda na sake. Ba lalacewa ba ce, haƙoran da ba su ɗauki kaya ba ne ke kaɗa juna, amma za ta dame ka. Na alminiyam kuma ƙarfen fuskarsa da zoben haƙoran kik ɗaura su aka yi, ba jiki ɗaya ba ne, mai araha a cikinsu yakan saki in zafi ya yi yawa. Ga irin tuƙinka, na ƙarfen kuromoli (chromoly) ƙira ɗaya mai kilo 5 zuwa 5 da rabi shi ne tsakiya.

Maganar kai na asali wajen tana a rage shi, a'a. Ƙarfen zubi ne, kas, ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Injin nan yana kai juyi kusan 7,000 a minti, a lokacin bakin filawil gudunsa ya wuce kilomita 300 a awa. In an sassaƙe bayansa ya yi siriri, ko an bar kusurwa mai kaifi inda tsaga za ta fara, ranar da ya tarwatse zai huda kaskon giya ya fito. Shi ya sa masu tsere a Amurka ke neman hatimin inganci na SFI 1.1 a jikin filawil da kuloci. Gyaran fuska daban ne, wannan halal ne: a shafe ɗan kaɗan don a cire ƙyalli da tabon zafi.

Mai Kayan Gyara

Ni a nan zan ɗan saɓa wa Injiniya, ba a lissafi ba, a kasuwa. Kuromoli mai kilo 5 na gaske yana da kyau, amma samunsa a nan sai oda, kuma abin da ya fi yawo kwaikwayo ne marar suna wanda ba a san ko an daidaita nauyinsa ba. Filawil marar balans a juyi 6,000 zai ci metal, ya kashe sabon sil. In ba ka samu na kamfanin da aka sani da lambar kaya da za ka iya bincikawa ba, bar na asalin, a gyara masa fuska, ka huta. Na asali mai lafiya ya fi na gudu na bogi nesa ba kusa ba.

Sunayen da aka sani a wannan fanni: Exedy, wanda a da ake kira Daikin kuma yake yi wa kamfanonin motocin Japan kuloci tun daga masana'anta, sai ACT da Competition Clutch, Fidanza kuma a filawil na alminiyam. Suna mai tsada shi aka fi kwaikwaya, don haka kwali ba hujja ba ne. Fito da kayan ka riƙe. Girgiza filet kusa da kunne, sifirin ɗin cibiya kada su yi kacau-kacau. Dubi ribit, kawunansu su zama iri ɗaya, a nutse daidai. Ɗora firesha a kan tebur ka duba yatsunta ta gefe, duk su tsaya tsayi ɗaya. In ɗaya ya ɗaga, karkarwa ce tun ranar farko. In ka ga fenti ya hau kan ribit da sifirin, ko bakin yatsun yana da zoben gogewa a ƙarƙashin fenti, tsohuwa ce aka yi wa wanka. Juya boris da yatsa, ya tafi shiru da ɗan nauyin giris, ba sakaka kamar tayar keke ba.

Ka je da tsohon filet ka gwada haƙora da faɗi. Civic daga 1992 zuwa 2000 kulocin mai ne, waɗanda suka gabace su na waya ne, kayansu ba lallai su hau ba. Na injin B16 kuma milimita 220 ne da haƙora 24, filawil ɗinsa noti takwas, naka shida, ba su haɗu ko ta ina ba. Ƙirga haƙoran zoben kik na sabo da na tsoho ma, minti biyu ne.

Masu Golf 3 da ke karantawa, taku mai giyar 020 a juye take: firesha ce ke ɗaure a kiranshaf, filawil ya hau kanta, sanda kuma ta ratsa cikin giya ta tura. Kada ku ɗauki awon Civic ku kai can.

Ɗan Yalwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Feda tana da wasa, ƙasa kuma a bushe, don haka cinyewa ce. Na janye daga siteji 3 da tana. Oga, me zan tsaya a kai ranar ɗaurawa, kuma me za a canza tare?

Oga Bakanike

Amin. Abin da za ka haɗa kafin a kwance noti ɗaya: filet, firesha, rilis boris, ƙaramin boris na tsakiyar filawil, sil ɗin bayan kiranshaf ko da bai fara yoyo ba, sil biyu na shaf, man giya lita 2, man birki DOT 3 ko DOT 4 gwangwani ɗaya. Sil ɗin kiranshaf kuɗinsa bai kai na sake sauke giya ba, kada ka yi rowa a nan.

A cire kan batir. In giya ta sauka, kada yaro ya hura ƙurar da iska, wasu tsofaffin filet suna da asbestos, a jiƙa a goge. Dubi cokalin da ke tura boris da ɗan ƙwallon da yake juyi a kai, in sun ci rami feda ba za ta yi daɗi ba ko da sabon saiti.

In na asalin za a mayar, tsagar da farce ke kamawa ta kore shi, a nemi wani. Tabon shuɗi kaɗai ne, a gyara fuska. Duk filawil mai mataki tsakanin inda filet ke zama da inda firesha ke ɗauruwa, abin da aka cire a nan a cire daidai shi a can, in ba haka ba matsewa ta canza, sabon kuloci ya yi silif ko ya ƙi saki. Bayan ɗaurawa a sa agogon awo a fuskar a juya, karkata kada ta wuce milimita 0.15. Goge bakin kiranshaf tas kafin a ɗora, ɗan tsakuwa ɗaya a wurin ya isa ya karkatar da shi.

Notin filawil guda shida, soket 17 mai kusurwa goma sha biyu, Nm 118, a giciye, a zagaye biyu ko uku. Da sifanar awo, ba da bututu da "ya ji" ba. In sabon filawil ya zo da notinsa ko takardarsa ta ba da wani awo, bi takardar.

Sabuwar firesha da filawil suna zuwa da man hana tsatsa a fuska, a wanke shi da abin wanke birki har tsumma ya fito fari. Filet yana da gaba da baya, an rubuta ɓangaren filawil a jikinsa. In an juya shi cibiyar za ta zauna kan notin filawil, giya ba za ta shiga ba. A saita shi da sandar saiti, ba da ido ba. Notin firesha Nm 25, rabin juyi rabin juyi a giciye har ta zauna; wanda ya ɗaure ɗaya tamau kafin sauran ya lanƙwasa murfin. Giris a haƙoran sandar giya shafawa ce kawai, a zura filet a fitar a goge abin da ya taru. Ya yi yawa, juyi zai watsa shi kan fuska.

Wajen mayar da giya ake kashe yawancin sababbin kuloci. Akwai 'yan turaku biyu na saiti tsakanin inji da giya, ka gan su da idonka kafin a haɗa. Sukan faɗi a ƙasan gareji ba wanda ya kula, giya ta zauna a karkace da gashi ɗaya, bayan 'yan watanni cibiyar filet ta ɓalle a ce kayan ne ba kyau. Kada a bar nauyin giya ya rataya a kan filet, a tallafe ta da jak. In ta ƙi shiga saura yatsa ɗaya, a juya shaf haƙora su haɗu, kada a jawo ta da noti.

Notin shaf soket 32, Nm 181, a dasa bakinsa. Giya tana cin wajen lita 1.8, Honda MTF ne nata. In babu, littafin motar ya yarda da baƙin mai 10W-30 ko 10W-40 na ɗan lokaci. Kada a zuba mata mai kaurin nan na 90 ko 140, da sanyin safiyar hunturu giya ta biyu ba za ta shiga ba. A zubar da tsohon man kuloci gaba ɗaya, a fitar da iska, a sake auna wasan feda. In an canza filawil zuwa marar nauyi, a wanke totur da bawul ɗin silo, a gwada da esi da fitilu a kunne.

Sai lallaɓawa: kilomita 500 zuwa 800 na cikin gari, tsaya-tashi, ba fizga, ba take wuta har ƙasa, ba riƙe mota da kuloci a hawa. Tafiya Gombe da dawowa kilomita 300 ne a agogo, amma sau nawa ka taɓa feda? Ba ta shiga lissafi. Zirga-zirgarka ta Yalwa zuwa Wunti ita ce za ta zaunar da shi, wajen mako uku zuwa huɗu. In bayan nan yana karkarwa wajen tashi a giya ta ɗaya, a fara duba injin sit na baya kafin a zargi filet.